An kwashe littafina an zuba a wani shafi, kamfanin da ke ɗauke da shafin a Holan ya ƙi kula ni

'Yar Rafindadi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya ci ni, shi ya sa na kawo kukana ko Allah zai haɗa ni da wanda ya san kan lamarin.

Ni malamar firamare ce a cikin birnin Katsina, kuma ina rubuta littattafan hikaya. Wanda nake magana a kansa wata goma sha huɗu na yi ina rubuta shi, duk a waya. Sai na dawo daga makaranta, na yi girki, an yi isha'i, yara sun kwanta, sannan in jingina da bango in fara. Ranar da babu wuta ƙanina ke kai wayar wurin mai caji a bakin titi ya karɓo min kafin magariba. Babi 62 ne. Goma na farko na sake su kyauta kamar yadda muka saba, wadda labarin ya yi mata sai ta turo naira 1,000 in sa ta a gurup ɗin WhatsApp na waɗanda suka biya. Da kuɗin nan na biya wa babbar 'yata kuɗin jarrabawa bana, da shi nake sayen maganin hawan jinin mahaifiyarmu.

Wata biyu da suka wuce wata mai karatu daga Funtuwa ta turo min saƙo: "Anti, ashe kin saki littafin kyauta ba ki faɗa mana ba?" Ta haɗo da linki. Ina dannawa sai ga littafina daga bisimilla har tammat, an yanka shi babi-babi, kowanne da shafinsa. Sunana yana nan a sama, amma an goge gargaɗin da na rubuta a farko, an goge lambar da ake nema na a biya. Har sadaukarwar da na yi wa marigayi mahaifina suka kwafa, kuma daidai ƙarƙashinta tallar caca ce ke ƙyaftawa. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Bawan Allahn da ya yi shekara talatin yana limanci a masallacin unguwa, ga sunansa ga tallar caca. A ƙarshen kowane babi kuma akwai wani koren maɓalli na sauke littafin gaba ɗaya.

Tun daga nan ciniki ya tsaya. Da a mako nakan samu mutum goma sha biyar zuwa ashirin, yanzu in na samu biyu sai hamdala. In ka rubuta sunan littafin a Google, shafin nan ne ke fara fitowa.

Na rubuta wa masu shafin sau biyu ta wurin da suka ware na tuntuɓa, da Hausa, cikin mutunci. Ko gezau. Ƙanina da ke karatun kwamfuta ya bincika sunan wanda ya yi rajistar shafin, ya tarar an ɓoye. Ya ga shafin yana bayan Cloudflare, wani kamfani da ke tsayawa tsakanin shafi da masu ziyartarsa, muka cika fom ɗinsu na ƙorafi. Suka amsa cewa ba a wurinsu kayan ke ajiye ba, suka ba mu sunan ainihin kamfanin da ke ɗauke da shafin, yana ƙasar Holan. Ƙanin nawa ya samo samfurin wasiƙar DMCA a intanet, wato wasiƙar neman a sauke kayan da aka ɗora ba da izinin mai su ba, muka sa sunana muka tura. Amsar na'ura ta zo da lambar ƙorafi, shi ke nan. Bayan kwana goma muka sake. A karo na uku ne wani mutum ya amsa da layi biyu: su ba kamfanin Amurka ba ne, DMCA ba ta hau kansu ba, in nemi mai shafin ko in kawo umarnin kotu.

Mai shafin ya ƙi amsa ni. Kotun Holan kuwa, da albashin malamar firamare ta ina zan fara? Shin da gaske ne kamfanin da ke wata ƙasa ba abin da zai tilasta masa ya saurare ni? Akwai wanda ya taɓa bin irin wannan ya ga an sauke kayansa? Don Allah a taimaka min da abin da aka gwada aka gani.

Mai Gina Shafuka, Ƙofar Ƙaura:

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya huci zuciyarki, ya jiƙan Liman da rahama.

Amsar da suka ba ki rabinta gaskiya ce. DMCA dokar Amurka ce ta 1998, ba ta ɗaure kamfanin da ke zaune a Holan ba, kodayake da yawansu suna karɓar irin wasiƙar don ta zama abin da aka saba. Amma su ma suna da tasu dokar, wannan na bar wa masana shari'a. Ni ta fuskar aikina zan yi magana, don shekarata tara ina gina wa mutane shafuka.

Ki ɗauki shafin nan kamar shago a Babbar Kasuwa. Akwai mai shagon, shi ne ɓarawonki. Akwai wanda ya ba shi haya, shi ne na Holan. Sau da yawa shi ma mai ba da hayar ba shi ya gina rukunin shagunan ba, kamawa ya yi a hannun wani babba. Akwai wanda ya yi masa rajistar suna. Akwai mai nuna wa masu saye hanyar shagon, wato Google. Akwai mai ba shi talla yana biyansa. Sannan akwai sito inda yake ajiye kaya. Ke ƙofa ɗaya kika yi wata biyu kina bugawa, kuma ita ce ta fi tauri.

Kafin ki taɓa komai ki tara hujja. Ki ɗauki hoton allon kowane babi yadda adireshin zai fito a sama, sannan ƙaninki ya adana shafukan a Wayback Machine na Internet Archive, rumbun da ke ajiye kwafin shafuka da kwanan wata. Ranar da mai shafin ya ji zafi zai iya gogewa ya ce bai taɓa sawa ba.

Sai koren maɓallin nan. Ki danne shi da yatsa har ya ba ki damar kwafar linkin, ki duba ina ya nufa. Masu irin waɗannan shafuka ba kasafai suke ajiye fayil a kan sabarsu ba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, saboda tsada. Galibi Google Drive ko MediaFire suke kaiwa, kuma duka biyun kamfanonin Amurka ne. Wasiƙar da na Holan suka ce ba ta shafe su ba, can take da haƙori. Ni da ni ne daga nan zan fara, domin fayil ɗin nan shi ake turawa gurup-gurup, ya fi shafukan ɓarna.

Na biyu Google. Suna da fom na neman cire abin da ya keta haƙƙin mallaka daga sakamakon bincike, kyauta ne. Ba zai goge shafin daga intanet ba, amma wanda ya rubuta sunan littafinki ba zai ƙara ganinsa ba. Mai shago in an daina nuna wa mutane hanyarsa ai ya rage kuzari. Ki sani suna iya aika kwafin ƙorafin zuwa wani rumbu da ake kira Lumen inda jama'a ke iya gani, don haka ki kula da abin da kike rubutawa.

Na uku, a gano wa ke saman kamfanin na Holan. Lambobin IP na Turai, wato lambobin da ake gane kowace saba da su a intanet, wata cibiya ce a Amsterdam mai suna RIPE NCC ke riƙe da rajistarsu, kamar yadda AFRINIC da ke Morishiyos ke riƙe da na Afirka. Rajistar a buɗe take, kuma kowane rukunin lambobi yana da adireshin kai ƙorafi. Ƙaninki ya sa sunan kamfanin ya ga ko layin nasu ne ko haya suke yi. In haya ne, a tura wa babban kwafi. Ƙaramin kamfani ya fi jin tsoron wanda zai iya yanke masa layi a kan marubuciya daga Katsina.

Tambaya ɗaya Malama: a wasiƙar da kuka tura, kun jera linkin kowane babi, ko adireshin shafin kawai kuka sa?

'Yar Rafindadi:

Amin Malam, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Adireshin shafin kawai muka sa da sunan littafin. A wasiƙa ta biyu na sa ƙanina ya fassara min dogon bayani, yadda na wahala da maganar sadaukarwar Baba da duk abin da ke raina. Yanzu na duba koren maɓallin, gaskiyarka, wani wuri daban yake kaiwa, ba shafin ba.

Mai Gina Shafuka, Ƙofar Ƙaura:

To ga inda gizo ke saƙa. Ki hango wanda ke buɗe imel ɗin a can. Ma'aikaci ne da tulin ƙorafi a gabansa, bai san Hausa ba, wataƙila bai taɓa jin sunanta ba. In ya buɗe shafin, baƙaƙe kawai zai gani. Ba zai iya bambance littafinki da na wata ba, balle ya shiga nemansa cikin ɗaruruwan littattafai. Abin da ba zai iya tabbatarwa cikin minti biyar ba, gefe zai tura shi.

Ki sauƙaƙa masa yadda ba sai ya ji Hausa ba. Linki 62, kowanne a layinsa. Ga inda kika fara sakin babin farko da kwanan watan, ga nasu da kwanan watan. Ki ɗauki babi uku, ki ajiye sakin layin farko na naki kusa da nasu, ko makahon Hausa zai ga harafi ɗaya ne. Ki sa lambar ƙorafin da Cloudflare suka ba ki, domin wasu kamfanonin sukan fake da cewa ba su ga shafin a sabarsu ba, alhali an riga an tura musu bayanin. Sannan ki buɗe ƙa'idojin hulɗa na kamfanin kansa. Da wuya ki rasa sakin da ya hana abokin ciniki ɗora kayan da ba nasa ba. Ki ambaci lambar sakin.

Maganar wahala da ɓacin rai kuwa, mu nan mun ji kuma ta taɓa mu. Amma ki cire ta daga wasiƙar, kada ta wuce shafi ɗaya ban da jerin linkin. Kuma ki ci gaba da amsawa a ƙarƙashin lambar ƙorafi ɗaya, kada ki riƙa buɗe sabo kullum.

Barista, Layout Katsina:

Malama, sannu da haƙuri. Abin da Malam ya faɗa daidai ne, bari in cike ta ɓangaren doka. Shawara ce ta gaba ɗaya, in abin ya kai ga shigar da ƙara sai a zauna a duba takardu.

Farko, kada wani ya sa ki ji kamar haƙƙinki ya tsaya a iyakar Jibiya. Akwai Yarjejeniyar Berne ta 1886. Holan ta shiga a 1912, Amurka a 1989, Najeriya a 1993. Ma'anarta ita ce littafin da kika rubuta a Rafindadi yana da kariya a Holan kamar wanda ɗan ƙasar ya rubuta, kuma ba sai kin yi rajista a ko'ina ba. Da zarar kin rubuta shi ya zama naki.

Na biyu, dokar da ya kamata ki ambata musu ita ce ta Tarayyar Turai kan ayyukan dijital, wadda ake taƙaitawa da DSA. Ta fara aiki a kan kowa tun 17 ga Fabrairu 2024. Sashe na 16 ya wajabta wa duk kamfanin da ke ajiye kayan mutane a sabarsa ya samar da hanyar da kowa zai sanar da shi abin da ya saɓa doka. Abu huɗu ake so sanarwar ta ƙunsa: bayanin dalilin da ya sa abin ya saɓa doka, ainihin adireshin inda yake, sunanki da imel, da furucin cewa kin yi imani abin da kika faɗa gaskiya ne kuma cikakke. Wajibi ne su shaida miki sun karɓa, kuma su sanar da ke hukuncin da suka yanke.

Abin da ke sa su motsa shi ne wannan. Doka ta yafe wa kamfani laifin abin da abokin cinikinsa ya ɗora muddin bai sani ba. Idan sanarwa ta zo cikakkiya yadda mai lura zai gane laifin ba tare da dogon binciken shari'a ba, to an ɗauka ya sani, kuma in bai gaggauta cirewa ba kariyar ta faɗi. Wasiƙar da ba ta da linki ba ta kai su wannan matsayi ba, shi ya sa suka sami bakin cewa ki kawo umarnin kotu. Ki rubuta a fili cewa sanarwa ce ƙarƙashin sashe na 16, kuma daga ranar sun sani. Hukumar da ke sa ido kan dokar a Holan ana kiranta ACM, ba laifi su ga kin san da ita.

Game da kamfanonin Amurka, wasiƙar DMCA tana ɗauke da rantsuwa cewa ke ce mai haƙƙin ko wakiliyarsa. Don haka ki tabbata ba ki taɓa sa hannu kin sayar wa wata manhajar karatu haƙƙin littafin ba. Na ga marubutan da suka danna "na yarda" ba su karanta ba. Kada kuma ki haɗa da littattafan ƙawayenki sai da izininsu. Shi ma wanda aka cire wa kaya yana da damar musantawa, in ya yi haka kamfani kan mayar da kayan tsakanin kwanakin aiki 10 zuwa 14 sai dai in kin shigar da ƙara. Ɓarawo bai cika yin haka ba, don dole ya ba da sunansa da adireshinsa.

Sai abu na ƙarshe da nake ganin an manta. Sabar tana Holan, amma wanda ya zauna ya yanka littafin Hausa babi-babi ya san inda zai goge lambarki, ba Bature ba ne. Ki duba shafin da kyau: lambar waya, gurup na Telegram, asusun banki na masu son ba da talla. In yana Najeriya, dokarmu ta Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta kama shi kai tsaye. Sashe na 54 ya tanadi sanarwar sauke kaya, na 61 ya ba Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ikon sa a toshe shafi. Ki kula, ita ma NCC ake ce mata kamar Hukumar Sadarwa, kada ki kai takarda inda ba nan ba. Shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce, kuma akwai ta a nan Katsina. Ina ba ki shawara ki yi wa littafin rajista da hukumar ta intanet. Ba sharaɗi ba ne, amma takardar shaidar tana ƙara wa wasiƙa nauyi a idon wanda bai san ki ba.

Mai Hoto, Daura:

Malama, ni ma ya taɓa ci na, shi ya sa zan ce wani abu. Hotunan Hawan Magajiya da na Rijiyar Kusugu da na ɗauka na tarar a wani shafi ana sayar da su da dala a matsayin hoton bango. Sun datse gefen da tambarina yake. Abin da ya cece ni shi ne asalin hoton yana hannuna. A nawa ana ganin jelar dokin da wani yaro riƙe da linzami, a nasu an yanke su. Na ajiye biyun gefe da gefe. Wanda yake da cikakken hoto ai shi ya ɗauka. Ke ma kina da irin wannan: tsofaffin rubutunki na farko da ke waya, da kwanan watansu, da gyare-gyaren da ba wanda ya gani. Kada ki goge ko ɗaya.

Amma ina so ki shirya wa wani abu. Akwai kamfanonin da tallarsu ke nan, cewa ba sa sauraron ƙorafin haƙƙin mallaka, ɓarayi kuma don haka suke zuwa wurinsu. Wanda na yi fama da shi irinsu ne. Wata huɗu ina rubutu, ko amsar na'ura daga baya ta daina zuwa. Ki buɗe shafin kamfanin naki ki karanta yadda suke tallata kansu. In kin ga suna alfahari da haka, kada ki ƙarar da datarki a kansu, ki bi ta kuɗi. Ni kamfanin da ke karɓar musu kuɗin kati na kai wa ƙara, da hujja, ba a yi wata ba hotunan suka ɓace. Naki talla ce abincinsa. Idan akwai tallar Google a ciki, suna da ƙa'idar hana sa tallarsu a kan kayan sata, ki kai musu. Masu tallar caca dai ban sa rai.

Sannan ki yi hattara da lambar wayarki. Ƙorafin da kika tura ana miƙa wa mai shafin kwafinsa, haka tsarin yake. Ni na sa lambata ta gida, na yi mako biyu ana kirana da tsakar dare ana zagi. Ke mace ce da iyali, ki buɗe imel na musamman, ki sa layin da ba shi kike hulɗa da shi ba. Inda aka ce dole sai adireshi, ki nemi izinin sa na ofishin lauya.

Uwar Biyu:

Ƙanwata, shekarata goma sha ɗaya ina rubutu, littattafaina bakwai suna irin waɗannan shafuka. Na yi kuka na gaji na bar su da Allah, haƙƙi ne ba zai bar su ba. Ina tsoron kada ki ƙarar da lokacin da za ki rubuta sabo wajen bin wanda ba ki gani. Kin sauke a nan, gobe ya ɓulla a can.

Abin da nake yi yanzu, da ɗan gari akan ci gari. Littafin nan daga cikin gurup ɗinki ya fita, wadda ta biya ce ta fitar. Na daina zuba fayil ɗaya a gurup. Kowa nata nake tura mata, da wata 'yar alama a cikin rubutun da ni kaɗai na sani, kalma ɗaya da na sauya a wani babi. Aiki ne, amma sau biyu ina kama mai fitarwa.

'Yar Rafindadi ta dawo:

Assalamu alaikum. Yau kwana ashirin da uku da na kawo maganar nan, na ga bai kamata in yi shiru ba bayan ɗawainiyar da kuka yi.

Anti Uwar Biyu, na ji maganarki kuma dabarar alamar na ɗauka, da ita zan saki na gaba. Amma ban iya barin wannan ba. Da kuɗi ne kawai wataƙila da na haƙura. Sunan Baba ne a wurin.

Daren Juma'a da na Asabar muka yi ni da ƙanina a tsakar gida da fitilar caji, ina karanto masa lambar babi yana kwafo linki yana jerawa. Da shafin da ya tattara babobin duka, 63 suka zama. Fayil ɗin koren maɓallin shi ya fara tafiya, kwana huɗu da tura wasiƙar. Yanzu in ka danna sai ya ce an cire. Google sun cire 58 cikin mako guda. Biyar suka dawo mana da su, da muka duba ashe wajen kwafa ne ƙarshen linkin ya gutsure. Mun gyara mun sake turawa, an cire su.

Kamfanin Holan kuwa, Malam ka yi gaskiya, haya suke yi a wurin wani babba. Na rubuta wasiƙar yadda Barista ta tsara, shafi ɗaya, na ambaci sashe na 16 da sakin ƙa'idarsu, na liƙa kwatancen babi uku, na sa babban kamfanin a kwafi. Kwana shida shiru. A na bakwai mutumin da ya ce in kawo umarnin kotu shi ne ya rubuto cewa sun ba abokin cinikinsu awa 48. Ranar da wa'adin ya cika, ina idar da sallar asuba ko tashi daga kan darduma ban yi ba na buɗe babi na ɗaya, inda sadaukarwar take. Shafin ya ce babu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har 62 kafin in ɗora ruwan kunun yara.

Ciniki bai dawo kamar da ba, don waɗanda suka sauke fayil ɗin tun farko suna ta yawo da shi. Makon nan mutum bakwai suka biya. Malam Mai Hoto, na gode da gargaɗin, mai shafin ya turo zagi ta sabon imel ɗin, kuma da Hausa ya yi shi. Barista, na ajiye saƙon, na kuma ga lambar waya ta Najeriya a wurin da yake neman masu ba da talla. Na ɗauki hotonta, zan neme ki ta akwatin sirri.

Sai dai abin da Anti ta faɗa ya fara faruwa. Shekaranjiya na ga wani sabon shafi, suna iri ɗaya sai ƙarshensa da ya bambanta, fasali ɗaya, har koren maɓallin. An ɗora babi na 11 zuwa na 20 na littafina. Na riga na ɗauki hotuna, ƙanina ya adana su. Malam na Ƙofar Ƙaura, wannan ma yana bayan Cloudflare. Shin sabon fom zan cika daga farko, ko in amsa ƙarƙashin tsohuwar lambar ƙorafin in nuna musu mutum ɗaya ne?